Kuɗi Muke Bin Sa Ko Kaya?

Da yawa cikinmu mu ke zaune kan kwamfuta a shagunan iyayenmu, daga Nima har Kumasi. To, ga tambaya.

Mutum ya biya kuɗin siminti buhu 20, kaya sun ƙare, muka ce ya dawo bayan mako biyu. Kwamfutar ta ba mu zaɓi: mu rubuta yana bin mu siminti, ko mu rubuta yana da ajiyar sidi kaza. Yatsa ɗaya ne, amma hukunci biyu. Ku tuna 2022, da tsadar kaya a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Wanda aka rubuta wa sidi, in ya dawo buhunsa sun ragu.

Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino tun kafin ya nuna. Ya yarda, da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Malamai suna kiransa salam. Ashe buhu 20 ne a wuyanmu, ko farashi ya tashi.

Wani zai ce ai Baba ne ya ce a danna sidi. Gaskiya ne, kuma faɗa wa Baba a'a akwai nauyi. Amma mai siminti bai ga allon ba, mu muka gani.