Abincin Wani Gubar Wani?

Birnin Kartum na ƙasar Sudan yana zaune a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu suka zama kogi ɗaya. A hayin yamma kuwa akwai Omdurman, garin manyan kasuwanni. Shekara da shekaru mutane daga kowace kusurwa suna taruwa a can: Larabawa, da Nubiyawa daga arewa, da mutanen Darfur da Kordofan, da mutanen duwatsun Nuba, da Dinka da Nuwer daga kudu, da Kibɗawa masu bin Almasihu, har da Hausawa. Kowa ya zo da harshensa, ya kuma zo da tukunyarsa. Inda tukwane suka yi yawa haka, akwai tambayar da takan taso, wadda mu ma muke fama da ita a Jos da Kaduna da Zariya. Idan abin da ɗan'uwana yake ci yana tayar mini da zuciya, laifinsa ne, ko kuwa renon da aka yi mini ne kawai? Mai bi kuma, ƙaƙa zai yi?

Abin da ake ci a bakin Nilu

Bari mu fara da abincin da suke kira marara. Idan aka yanka rago ran Babbar Salla ko ran biki, sai a ɗebi hanta da huhu da tumbi, a wanke, a yayyanka ƙanana, a zuba lemun tsami da albasa da gishiri da barkono da niƙaƙƙiyar gyaɗa, wani lokaci har da ɗan ɗigon ruwan matsarmama. Ba a ɗora shi a wuta. Haka ake cinsa ɗanye, ana kuwa girmama baƙo da shi. A kasuwar Naga ta Omdurman, wadda ta yi suna da naman raƙumi, ɗanyar hantar raƙumi ma ta daɗe tana da masu sonta.

Akwai kuma kawal, abincin mutanen Darfur. Ganyen tafasa ne, irin wanda yake tsirowa a bayan gidajenmu da damina. Sukan daka shi, su cusa a tulu, su binne tulun a ƙasa kamar mako biyu har ya ruɓa, sa'an nan su cuccura su shanya. Warinsa yana da ƙarfi ƙwarai, amma yakan tsaya wa talaka a madadin nama a cikin miya. A 1993 wani malamin Jami'ar Kartum, Hamid Dirar, ya buga littafi a kan irin waɗannan abinci na Sudan da ake bari su yi tsami ko su ruɓa, har da na kifi da na kitse da na ƙashi.

Watakila mai karatu ya riga ya yamutsa fuska. To, ya ɗan dakata. Wanda ya ƙi warin kawal, ya tuna da daddawar da ke cikin miyar gidansu, gama baƙon da bai saba ba shi ma toshe hanci yake yi. Mu da muke cin fara da gafiya da gyazbi da ɗamo, waɗansunmu har da kare da alade, ba mu da bakin yi wa mai cin marara dariya. A Faransa ana cin cinyar kwaɗo da dodon koɗi da naman doki a manyan gidajen abinci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin lura kuma shi ne, abincin baƙo yakan zama na gari. Hausawa sun shiga Sudan ta hanyar aikin hajji, waɗansu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. An sha rena su, ana kiransu Fallata ko Takari. Amma tsiren da suka kai can, mai ƙuli-ƙuli da yaji, ya zama abin marmarin 'yan birni. Sunansa agashe, kowane Bahaushe kuwa zai ji kalmar gashi a cikin sunan. Ashe mutum yana iya son tsire ya rena mai tsire. Wannan ya nuna cewa matsalar ta wuce bakin tukunya, tana cikin zuciya.

Ƙyama dabam, zunubi dabam

Ba a haifi kowa da ƙyamar wani abinci ba. Koyonta ake yi daga hannun uwa, kamar yadda ake koyon harshe. Tana da amfaninta, gama takan tsare yaro daga abin da zai cuce shi. Likitoci ma suna gargaɗi cewa ɗanyen nama yana iya ɗauke da cuta, mai hankali kuwa ba ya ƙin jin gargaɗi. Amma kula da lafiya abu ɗaya ne, yanke wa mutum hukunci wani abu ne. Kuskurenmu shi ne mukan ɗauki tashin zuciyarmu mu sa masa rigar tsarki, mu ce Allah ne ya ƙi abin, alhali mu ne ba mu saba ba.

Gaskiya ne cewa a Littafin Firistoci sura 11 an raba wa Isra'ilawa dabbobin da za su ci da waɗanda ba za su ci ba. A can an hana raƙumi da alade, an kuwa halatta fara, abincin da Yahaya Maibaftisma ya rayu a kai a jeji. Waɗannan dokoki sun keɓe Isra'ila daga sauran al'ummai. Amma a Markus sura 7 Ubangiji Yesu ya koyar cewa abin da yake ƙazantar da mutum daga cikin zuciyarsa yake fitowa, abinci kuwa ciki yake shiga ya wuce.

Manzo Bitrus ma sai da ya koyi wannan da ƙyar. A Ayyukan Manzanni sura 10, yana addu'a a kan soro a Yafa, aka nuna masa mayafi cike da dabbobin da bai taɓa sa wa a baki ba, aka ce ya yanka ya ci. Ya ƙi, aka tsauta masa, har sau uku. Bai gama tunanin wahayin ba sai ga manzannin Karniliyus, sojan Roma, a bakin ƙofa. Da Bitrus ya shiga gidan Karniliyus a Kaisariya, sai ya gane cewa an nuna masa dabbobi ne domin a koya masa kada ya ƙara kiran wani mutum ƙazantacce. Duk da haka, daga baya a Antakiya ya janye daga cin abinci tare da masu bi na al'ummai saboda tsoron mutane, har Bulus ya tsauta masa a gaban kowa. Bulus ya ga cewa wanda ya raba akushi ya raba ikkilisiya.

'Yan'uwa, wannan cuta tana cikinmu. A majami'a ɗaya mukan raira waƙa tare, da an fita kuwa sai a ji wani yana kiran wata kabila masu cin kare. Akwai iyayen da suka hana aure tsakanin masu bi biyu ba domin komai ba sai abin da dangin yaron suke ci. Akwai mai bishara da aka aika ƙauye, ya ture ƙwaryar da aka kawo masa, ya yi ta mamakin abin da ya sa ba a sauraronsa. Sa'ad da Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu a Luka sura 10, ya umarce su su ci abin da aka sa a gabansu.

Iyakar 'yanci

Kada kuwa wani ya ce tunda kome halal ne, zai ci abin da ya ga dama a inda ya ga dama. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni sura 15 ya roƙi masu bi na al'ummai su guji jini da maƙararriyar dabba da abin da aka miƙa wa gumaka, wannan kuwa ya buɗe hanya su zauna ci tare da 'yan'uwansu Yahudawa. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ya gwammace ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. A Romawa sura 14 ya gargaɗi ɓangarorin biyu: mai ci kada ya rena, marar ci kada ya hukunta.

Kakanninmu cikin bangaskiya sun gane wannan. A garuruwa da yawa na arewacin Nijeriya, mai bi yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa akuyar Kirsimati, domin idan an kai shinkafa gidajen maƙwabta kowa ya ci da kwanciyar rai. Ba tsoro ne ya sa haka ba, ƙauna ce. Haka kuma wanda lamirinsa ko lafiyarsa ba su yarda masa da wani abinci ba, yana iya ƙi cikin ladabi da godiya, ba tare da tofar da yawu ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan kuwa ya shafi baƙo kamar yadda ya shafi mai gida.

Ranar yunwa

Yunwa ita ce take tona asirin fahariyarmu. A farin 1984 zuwa 1985, mutanen Darfur da Kordofan da yawa sun rayu a kan 'ya'yan anza masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu, dubbai kuma suka yi ƙaura zuwa bayan garin Omdurman. Abincin da ɗan birni yake renawa shi ne ya riƙe ran mutane. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Kartum ran 15 ga Afrilu 2023, matasan unguwanni suka kafa tukwanen jama'a da ake kira takaya, suna dafa wake da adas a manyan tukwane. Mai jin yunwa ya zo da kwanonsa ya shiga layi, ba a tambayarsa abin da kakansa yake ci. A Alfashir ta Darfur, a 2025, mutanen da aka yi wa ƙawanya sun koma cin ambaz, wato tunkuzar gyaɗa da ake ba dabbobi.

A gaban wannan, wane abinci ne ya cancanci a kira shi abin ƙyama? Bulus ya tsauta wa ikkilisiyar Koranti domin a wurin Jibin Ubangiji wani yana ƙoshi har ya bugu, wani kuwa yana zaune da yunwa. Abincin da ya kamata ya tayar mana da zuciya shi ne wanda muka ci muka rufe ƙofa, ɗan'uwa yana waje.

Saboda haka, idan aka miƙo maka ƙwaryar da ba ka saba da ita ba, ka dubi hannun da ya miƙo ta kafin ka dubi abin da ke ciki. Ka yi godiya ga Allah, ka ci in kana iyawa, in ba ka iyawa ka ƙi da ladabi. Mu kuma tuna da mutanen Sudan cikin addu'o'inmu da baikonmu. Ubangiji ya ba mu zuciyar da ba ta rena abin da ya tsarkake. Amin.