Iyakar Buƙata da Mafarin Israfi: Hukuncin Kashe Dukiya a Kan Kwamfutar Wasa

Kwamfutar wasa ta tebur na'ura ce da ake harhaɗawa daga sassa dabam-dabam, kowane sashe da kamfanin da ya ƙera shi da kuma farashinsa. Mai haɗa ta yakan zaɓi furosesa, da madabod, da ram mai riƙe bayanai na ɗan lokaci, da ma'ajiya, da akwatin rarraba wuta, da fankoki, da allon kallo, sannan katin hoto, wanda yawanci shi ne mafi tsada a cikinsu. Da yake kowane sashe yana da na araha da na tsada, kuma tazarar da ke tsakaninsu kan ninka sau biyar ko fiye, zaɓin ya wuce sanin fasaha kawai. Yana tayar da tsohuwar tambaya ta fiƙihu da falsafar ɗabi'a: nawa ya halatta a kashe a kan abin nishaɗi, kuma a ina buƙata take ƙarewa israfi ya fara?

Sassan na'urar da aikinsu

Furosesa ita ce ke lissafin abin da ke gudana a cikin wasa: dokokinsa, motsin abokan karawa, da umarnin da mai wasa ya bayar. Kamfanoni biyu na Amurka, Intel da AMD, su ne suka mamaye wannan kasuwa. Madabod ita ce faifan da ake dasa sauran sassa a kansa, kuma kowace tana da irin gurbin furosesar da take karɓa. Gurbin AM4 na AMD, wanda ya fito a 2016, yana aiki da ram nau'in DDR4, shi kuwa AM5 na 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5. Saboda haka sauya furosesa kan tilasta sauya madabod da ram gaba ɗaya.

Katin hoto shi ke zana abin da ido yake gani. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo sama da miliyan biyu, kuma dole katin ya lissafa launin kowanne sau sittin ko fiye a cikin daƙiƙa guda. Allon da ake kira 4K yana da ɗigo 3840 da 2160, wato ninki huɗu na wancan. Kamfanin Nvidia ya fitar da katin GeForce 256 a 1999, a 2018 kuma ya shigo da jerin RTX masu kwaikwayon yadda haske ke faɗawa a kan abubuwa ya dawo ido. AMD yana da nasa jerin mai suna Radeon, Intel kuma ya shiga fagen da jerin Arc.

Matsayin wasa a shari'a

Hukuncin kayan aiki yana bin hukuncin aikin da ake yi da su, don haka maganar na'ura tana farawa ne daga maganar wasa. Musulunci bai haramta nishaɗi don kasancewarsa nishaɗi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kare ta. Muslim kuma ya ruwaito labarin Hanzala, wanda ya ji tsoron munafunci saboda yakan shagala da iyali da dukiya bayan ya bar majalisin wa'azi, aka kwantar masa da hankali cewa zuciya tana da lokacin wannan da lokacin wancan.

Malamai sun yi saɓani a kan wasannin zaune. Hadisi ya hana wasan ƙwaya da ake kira nardu. A kan darar shaɗranji kuwa, Imam Malik ya tsananta, yayin da ra'ayin da ya shahara a mazhabar Shafi'i shi ne karhanci matuƙar babu caca. Daga irin wannan muhawara aka fitar da sharuɗɗan da malaman zamani da yawa suke ɗorawa a kan wasan kwamfuta: kada ya ƙunshi caca, ko batsa, ko cin mutuncin addini, kuma kada ya hana salla a kan lokaci ko ya tauye wani haƙƙi. Idan wasan ya kuɓuta daga waɗannan, asalinsa halal ne, sayen na'urarsa ma halal ne. Abin da ya rage shi ne gwargwado.

Israfi, tabziri da martabobin buƙata

Alƙur'ani ya hana wuce iyaka a ci da sha a aya ta 31 ta Suratul A'araf, ya yi kakkausan gargaɗi ga masu watsa dukiya a ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i, ya kuma yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro a aya ta 67 ta Suratul Furƙan. Malamai sun bambanta kalmomi biyu. Tabziri shi ne kashe dukiya a inda bai dace a kashe ta ba sam, ko da kaɗan ce. Israfi shi ne kashe ta a inda ya dace, amma fiye da yadda ya dace. Wanda ya sayi na'ura don caca ya faɗa cikin na farko. Wanda ya saye ta don wasa halal yana fuskantar haɗarin na biyu ne.

Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388, ya bayyana a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa maslahohin mutane hawa uku ne: larurori da rayuwa ba ta tsayawa sai da su, buƙatu da rashinsu ke jawo ƙunci, da ƙawa da ke ƙara wa rayuwa armashi. Kwamfutar wasa tana hawa na uku ga mafi yawan masu sayenta. Takan koma hawa na biyu ga wanda yake cin abinci da ita, kamar mai tace bidiyo, mai zanen gine-gine, ko ɗalibin da ke koyon ƙirƙirarriyar basira, domin katin da ke zana wasa shi ne yake gaggauta waɗannan ayyuka. Ƙa'idar ita ce hawan ƙasa ba ya cinye haƙƙin na sama. Kuɗin abinci, kuɗin makaranta, magani da bashin da lokacin biyansa ya yi duk suna gaban katin hoto.

Daga nan ake fahimtar cewa israfi ba shi da adadi guda ga kowa. Abin da attajiri zai kashe ba tare da ya tauye kowa ba, yana iya zama zalunci ga iyali idan ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya kashe shi. Sai dai yalwar aljihu ba ta kawar da israfi gaba ɗaya, domin akwai ma'auni na biyu: amfanin da aka samu daga abin da aka saya.

Ma'aunin da ke cikin na'urar kanta

A wannan fage na'ura tana ba da amsa a fili, saboda sassanta tafiyar ayari suke yi, saurin kowa yana ɗaure da na mafi rauni. Idan aka haɗa katin hoto mai ƙarfi da tsohuwar furosesa, katin zai zauna yana jiran umarni, rabin ƙarfinsa a banza. Idan allo yana sabunta hoto sau 60 kawai a daƙiƙa, ba zai iya nuna cikakkun hotuna 200 da katin ya zana ba. Kuɗin da aka biya don wannan rarar an kashe shi a kan abin da ido ba zai gani ba, kuma wannan shi ne israfi a mafi bayyanar surarsa.

Lissafin lokaci ma yana nuna haka. A hoto 30 cikin daƙiƙa, kowane hoto yana ɗaukar kimanin kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa. A hoto 60 ya koma kimanin 17. Bambancin yana da girma, kowa yana jin sa. Daga 120 zuwa 240 kuwa, abin da aka rage kimanin kashi 4 cikin dubu ne kawai, ga shi kuɗin da ake biya a kansa ya ƙaru. Kowane ƙarin kuɗi yana sayen ƙarin daɗi ƙasa da na baya. Ƙididdigar da kamfanin Valve yake fitarwa kowane wata game da masu amfani da dandalinsa na Steam ta daɗe tana nuna cewa allo mai ɗigo 1080 shi ne ya fi yawa, kuma matsakaitan katuna irin GTX 1060 da RTX 3060 su ne suka riƙe sahun gaba shekara da shekaru.

Tsarin zaɓi mai hankali yana farawa ne daga ƙarshe: wane wasa ko aiki za a yi, a kan wane allo, sannan a nemi katin da zai ɗauke shi, sai furosesar da za ta ciyar da katin. Daidai ruwa, daidai tsaki. Tsakaitawa ta hana ƙwauro kamar yadda ta hana ɓarna. Akwatin wuta mara inganci yana iya ƙona sassan da suka fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma a nan araha ba ta ado.

Kasuwa da kwaɗayi

Kamfanoni suna fitar da sabon jerin katuna kusan duk bayan shekara biyu. RTX 4090 ya fito a Oktoban 2022 a kan dala 1,599, RTX 5090 ya biyo baya a Janairun 2025 a kan dala 1,999, alhali RTX 4060 na 2023 an sa shi a kan dala 299. Katin da ya gamsar da mai shi jiya bai rage gudu ba don an sanar da sabo yau. Abin da ya sauya yana cikin zuciyar mai shi ne.

Masana falsafa sun daɗe da lura da wannan. Abiƙur, masanin Girka, ya raba sha'awa gida uku: ta ɗabi'a da ta zama dole, ta ɗabi'a da ba dole ba, da wadda zato ne kawai ya haife ta. Ya nuna cewa ta ukun ce ba ta da iyaka, domin babu wani ƙoshi da take nufa. Son hutawa da wasa yana da wurin tsayawa. Son mallakar abin da ya fi na kowa ba shi da shi, tunda kasuwa za ta fitar da wanda ya fi shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u Ulumiddin a kan ƙana'a a matsayin maganin haɗama, da kan son matsayi a idon mutane. Fitilu masu launi da akwatin gilashi ba haramun ba ne, ado halal ne. Amma idan manufarsu alfahari ce a gaban abokai, niyya ta gurɓata, kuma da niyya ake auna aiki. Hausawa sun taƙaita maganar da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wuta, zafi da haƙƙin wasu

Farashin kati bai ƙare a kanti ba. RTX 5090 yana iya jan wat 575 shi kaɗai, kuma Nvidia ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 1,000. RTX 4060 kuwa wat 115 yake ja. A garuruwa irin Kano, Sakkwato ko Maraɗi, inda wuta ke yankewa kuma zafin bazara kan haura digiri 40, wannan bambanci yana nufin babban janareta ko ƙarin batir da faifan sola, da kuɗin mai, da ƙarar da maƙwabta za su jure. Ƙurar hunturu tana toshe fankoki, kati mai zafi kuma yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Wutar da gida ya dogara da ita don fanka da firiji haƙƙin mutanen gida ne kafin ta zama ta wasa.

Ciniki ma yana da haƙƙoƙinsa. Tsakanin 2020 da 2022 katuna sun yi ƙaranci a duniya, saboda annobar korona, da ƙarancin ƙananan sassan lantarki, da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum da suka riƙa saye da yawa, har sai da tsarin ya daina buƙatar haƙa a Satumbar 2022. 'Yan kasuwa da dama sun kwashe kaya suna sayarwa da ninkin farashi. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun taƙaita haramcin ɓoye kaya a kan abinci, amma Malikiyya sun faɗaɗa shi ga duk abin da ɓoye shi ke cutar da jama'a a kasuwa. Bayan wannan lokaci tsoffin katunan haƙa sun cika kasuwannin kayan hannu. Sayar da su halal ne, amma ɓoye aibin da mai sayarwa ya sani algus ne, kuma shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan aibi ya bayyana. Sayen tsohon kati mai lafiya, ko miƙa wanda aka daina amfani da shi ga ɗalibi, yana rage sharar lantarki irin wadda ta yi wa unguwar Agbogbloshie ta Akara suna, inda aka riƙa ƙona wayoyi don ciro tagulla.

Lokaci

Dukiyar da kwamfutar wasa ta fi ci ita ce lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya matsalar kamuwa da wasa a kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, kuma alamominta su ne gaza tsayar da kai, fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da cutarwa ta bayyana. Waɗannan sun yi kama da sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya tun zamanin muhawarar shaɗranji. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya haɗa tambayar rayuwa da tambayar dukiya a ranar hisabi: a me aka ƙarar da rayuwa, daga ina aka samo dukiya, a me aka kashe ta.

Saboda haka hukuncin sayen kwamfutar wasa ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: halaccin wasan, tsarkin kuɗin da rashin tauye haƙƙin wani, dacewar kowane sashe da aikin da zai yi, da kuma iyakar lokacin da za a ba ta. Na'urar da ta cika waɗannan tana cikin ni'imomin da aka halatta a more, ko mai tsada ce ko mai araha. Wadda ta rasa ɗaya daga cikinsu ta shiga israfi ko tabziri gwargwadon abin da ta rasa.