Wa Zai Yarda An Sare Shi?

Akwai wani wasa da mutane ke yi a intanet wanda babu hoto a cikinsa, babu sauti, sai rubutu zalla. Kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya ba shi asali da hali da makami, sannan a haɗu a zaure ɗaya ana saƙa labari bi da bi. Wannan ya rubuta sakin layi, wancan ya ɗora. Muddin hira ake yi a cikin labarin, ko tafiya, ko ciniki, komai lafiya lau. Rigima tana tasowa ne ranar da jarumai biyu suka zare takubba, domin dole a san wanda sara ya sama, kuma kowane jarumi yana da mai shi a zaune a gaban kwamfuta ko waya, wanda ba ya son ko ƙwarzane ya taɓa shi.

Tsohuwar hanyar raba wannan gardama ita ce lissafi. Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ya ba kowane jarumi lambobi: ƙarfinsa, kaurin sulkensa, da yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi. In ka kai sara sai ka jefa ɗan lido mai fuska 20. Lambar da ta fito ita za ta ce ka samu ko ka kuskure, sannan a sake jefa wani don a ga zurfin raunin. A kan tebur, inda mutum biyar ke zaune suna ganin juna, abin yana tafiya. A intanet kuwa, ɗaya yana Kanada ɗaya yana Filifin, wani na barci lokacin da wani ke rubutu, sai faɗan da bai wuce minti guda ba a cikin labari ya ci makonni. Kafin lambobi su gama zagayowa, zafin labarin ya huce.

Shi ya sa da yawa suka ajiye ɗan lido da jadawali, suka bar rubutu ya yi hukunci. Ƙa'idar da aka fi bi gajera ce: ka rubuta abin da jaruminka ya yi niyya, ka bar wa abokin karawarka ya rubuta abin da ya sami nasa. Mai jaruma za ta ce, "Ta sunkuya ta kai masa sara a gwiwar hagu, tana neman ta karya masa tsayuwa." Nan za ta tsaya, ba ta da ikon cewa ƙafar ta guntule. Shi kuma ya amsa, "Ya ja da baya amma ya makara. Kaifin ya tsaga masa ƙwauri, ya durƙusa, mashin ya suɓuce daga hannunsa."

Wannan amsa ta biyu ita ce ta daɗe tana ba ni tunani. Babu wanda ya tilasta masa. Yana da cikakken iko ya rubuta cewa jaruminsa ya yi tsalle ya kauce, kuma ba dokar da za ta kama shi. Amma da hannunsa ya yi wa abin da yake so rauni, ya kwance masa makami, ya miƙa wa abokiyar wasa galaba, saboda ya ga saran ya yi kyau kuma labarin ya cancanci ya samu. Duk ginin wasan a kan wannan mutumin yake tsaye. Gwanin kai hari ba shi da wuyar samu, kowa ya iya tsara yadda takobinsa ke walƙiya. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne wanda ya iya shan kaye da kyau.

Duk wanda ya taɓa kallon yara suna wasan 'yan sanda da ɓarayi da bindigar kara ya san inda abin ke lalacewa. "Na harbe ka, ka mutu!" "Ƙarya ne, na goce!" Da zarar an sami yaro ɗaya da harsashi ba ya taɓa samu, wasan ya tashi, kowa ya kama gabansa. Manya masu wasan rubutu suna fama da irin wannan yaro iri biyu: wanda jaruminsa ke kauce wa kowane sara, da wanda ke tsallaka iyaka ya rubuta wa jarumin wani faɗuwarsa ko mutuwarsa. Kusan kowane zaure ya haramta na biyun a fili. Na farkon ya fi wuyar kamawa, don kowace gocewa ita kaɗai halas ce. Sai an tara su ake ganin rashin adalcin.

Muhawarar ko lambobi ne za su yi hukunci ko mutum ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan sojoji wasan yaƙi mai suna Kriegsspiel, wanda ya gyara daga na mahaifinsa. Ana shimfiɗa taswira, ana tura 'yan tubala ja da shuɗi a madadin runduna, alƙali yana duba jadawali da ɗan lido yana fitar da yawan waɗanda suka faɗi. Da tafiya ta yi nisa dokokin suka yi nauyi har hafsoshi suka fara ƙosawa. A 1876 Julius von Verdy du Vernois ya kawo shawarar a rage dokokin, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa na yaƙi. Wasan ya yi sauri, ya ƙara kama da gaskiya. Sai dai ya dogara kacokan a kan samun alƙalin da kowa ya yarda da iliminsa da adalcinsa. Masu wasan rubutu na yau sun ɗauki hanyar Verdy, amma sau da yawa babu alƙalin ma. An raba aikinsa gida biyu, kowane mai faɗa ya zama alƙali a kan kansa, a shari'ar da yake da buƙata a cikinta.

Wasu sun nemi tsaka-tsaki. Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber a 1991, bisa littattafan Roger Zelazny, babu ɗan lido ko ɗaya a ciki. Tun farko ake yin gwanjon baiwa tsakanin 'yan wasa, a san wa ya fi kowa iya yaƙi, wa ya fi juriya. In aka yi gaba da gaba, wanda ya fi shi zai ci, ba musu. Saboda haka mai rauni sai ya yi dabara: ya yi kwanton ɓauna, ya nemi mataimaka, ko ya ja faɗan ya yi tsawo har gwanin ya gaji. Ina ganin hikima a nan, domin an bar wa tunani fili ba tare da an bar gaskiya a hannun mai taurin kai ba.

Ba zan ɓoye cewa zuciyata tana wajen faɗan rubutu ba. Raunin da mutum ya zaɓa wa jaruminsa yana da ma'anar da lamba ba ta bayarwa. Zai tuna da ƙwaurin nan, ya sa jarumin ya riƙa ɗingishi a babi na gaba, ya riƙe abin a ransa ko ya yafe. Amma ɗan lido yana da wata falala da bai kamata a raina ba, wato bai san kowa ba. Bai san tsohon ɗan zaure ba, bai san baƙo ba, ba ya jin kunyar mai faɗa a ji. Inda aka cire shi, mai zalaƙar harshe yakan danne mai kunya, kuma wanda ke rubutu da harshen da ba nasa ba yakan sha kaye don kalmomi sun gaza masa, alhali dabararsa ta fi. Mai kawaici kuma, in bai yi hankali ba, shi zai yi ta karɓar sara kullum, har ya gaji ya bar zauren ba tare da ya ce wa kowa uffan ba.

Zaurukan da suka daɗe sun koyi toshe waɗannan ɓarakoki. Kafin babban faɗa, masu shi sukan keɓe su yi magana a wajen labari, su daidaita wanda zai faɗi da irin asarar da kowa zai ɗauka, sannan su dawo su rubuta yadda aka yi. Da yawa sun kafa sharaɗin cewa ba a kashe jarumi ko a nakasa shi sai da yardar mai shi. Wasu kuma sun ajiye ɗan lido a gefe, ba a taɓa shi sai an yi ta ja-in-ja an kasa daidaitawa, a jefa sau ɗaya, kowa ya karɓi abin da ya fito, a ci gaba da labari.