Tsabtar Dole da Amanar Ƙasa

A makarantar Kongo, inda tun zamanin En'e ake horas da ma'aikatan mulki da alƙalai, tun ma kafin makarantar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, inda kuma har yau ake karantar da shari'ar Musulunci da ta Nasara a haraba guda, akwai wata mas'ala da ta cancanci malamai su zauna a kanta: shin shugaban da ba mai ikon tambayarsa, in ya tilasta wa talakawa tsabta da bulala, ya sauke amanar ƙasar da Allah ya ɗora masa?

Dattawan Tudun Wada ba su manta da 1985 ba, shekarar da gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta shigar da tsabtar gari cikin yaƙinta da rashin ɗa'a, aka ware Asabar ɗin ƙarshen wata, aka hana zirga-zirga da safe, kowa ya fito da tsintsiya da shebur, wanda ya ƙi kuwa soja ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa. Ba sabon abu ba ne ƙwarai, domin iyayensu sun san duba-gari, wanda yakan leƙa har cikin randa. Kuma, a faɗi gaskiya, kwatoci sun kwashe, juji ya ragu.

Wanda ya ce wannan aiki ɓatacce ne saboda ba da son rai aka yi shi ba, bai duba fiƙihu da kyau ba. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe tsakanin alwala, wadda ba ta inganta sai da niyya, da gusar da najasa, wanda ba a sharɗanta masa niyya ba. Tufa in ta wanku ta wanku, ko da mai wankin yana gunaguni. Hisba ma asalinta ke nan, a hana mutum cutar da maƙwabcinsa ko yana so ko ba ya so. Saboda haka ba a tilascin nake ganin illar take ba.

Illar tana wani wuri, wanda ya fi wannan zurfi. Dokar filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ambata ƙarara cewa riƙon amana ne yake yi wa jama'a. To, amma a shari'a duk wanda aka ba amana, walau waliyyin maraya ne ko mai kula da waƙafi, akwai alƙalin da zai kira shi ya yi bayani, akwai kuma mai haƙƙin da zai kai ƙara. Idan aka rufe bakin mai ƙara, aka ɗaure hannun alƙali da dokar soja, lafazin amana ne kaɗai ya saura. Ɓarnar ƙasa kuwa, ko rafi ne ya gurɓace kamar yadda shara ke cika rafin Kubanni, ko gona ce ta daina bayarwa, ba ta fara bayyana a fadar mai mulki, sai a bakin manomi da masunci da matar da ke ɗiban ruwa.

Dubi 1988. Da aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, 'yan jarida suka fallasa, gwamnatin Babangida ta yi hanzarin da majalisa ba za ta iya ba: cikin shekarar ta yanke ɗaurin rai da rai ga mai irin wannan laifi, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Madalla da wannan, sai dai mai laifin baƙo ne, hukunta shi ba zai taɓa baitulmali ba. Da kukan ya fito daga ƙasar Ogoni, inda man da ke ɓata ruwa da gonaki shi ne kuma yake cika aljihun gwamnati, sai gwamnatin Abacha ta gurfanar da Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a gaban kotun musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, aka rataye su ranar 10 ga Nuwamba, 1995, alhali waccan hukuma tana nan da ofisoshinta, kuma ana ci gaba da sharar ƙarshen wata.