Mari Ba Ya Haifar da Tuba

A Bazaga ba a kawo maganar yaron da ya faɗa shan tramol da rana tsaka. Sai bayan isha'i, in zaure ya watse, uba ko wan yaron ya matso ya rage murya: "Malam, ina za mu kai shi?" Da yake ina karantar da yara a ƙofar gida, tambayar takan biyo ta kaina. Na lura kuma akwai wata tambayar a ƙarƙashinta da ba a furtawa: wannan yaron mai laifi ne da za a hora, ko majinyaci ne da za a nema wa magani? Wanda ya riƙe ta farko gidan mari yake cigiya, wanda ya riƙe ta biyu asibiti yake nema.

Yawancin samarin da na sani ba don nishaɗi suka fara ba. Wani ban ruwan albasa yake yi a gonakin rani na wajen Galmi tun asuba har rana ta faɗi. Wani kabu-kabu yake ja tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya. Aboki ya miƙo ƙwaya ya ce tana kashe gajiya, kuma lalle ta kashe. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, ba ya wuce 400 a yini, amma ta hannun masu talla akwai mai 200 da mai 225 a ƙwaya ɗaya. Wanda ya zarce da sha yakan faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. In jiki ya saba kuma aka tsayar farat ɗaya, sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa. Ƙwayar farko zaɓinsa ce, akwai alhaki a kanta, ban musa ba. Amma bayan watanni jiki ne ke karɓar bashinsa, wa'azi kaɗai ba ya biya.

Mun ji abin da ya fito daga gidajen mari a 2019. A watan Satumba ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka buɗe wani a Daura, wasu suka biyo baya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna kyautata zato. Ba ƙiyayya ta kai su ba, gajiya ce da kunyar idon jama'a, da kuma ganin an rubuta sunan addini a ƙofar gidan.

To, mu auna da ma'aunin addinin. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, haddin mashayi bulala 80 ne. Hukunci ne mai adadi, na hannun hukuma, bayan an tabbatar da laifi, kuma in an gama an gama. Duka ba ƙidaya, safe da yamma, wata da watanni, a hannun wanda ba alƙali ba, ba shi da gurbi a nan. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda giya. Da wani ya la'ance shi don yawan komawarsa, Manzo ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ita kanta giyar daki-daki aka haramta ta: a Baƙara aka nuna cutarta ta fi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Ma'ida hani ya yanke. Wanda ya halicci ɗan Adam ya san sabo ba ya fita dare ɗaya.

Malamai sun ce tuba na da sharuɗɗa: barin laifin, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Mari na iya raba hannu da ƙwaya, amma nadama da ƙuduri aikin zuciya ne, ba a cusa su da dorina. Abin da sarƙa ke koya wa yaro shi ne ya iya ɓoye abin da ke ransa har a sake shi. Kuma shari'a ta haramta maye ne don ta tsare hankali. Gidan da zai maido maka ɗanka a firgice, yana zabura in an ɗaga murya, ya ƙarasa ɓarnar da ƙwayar ta fara.

Don haka abin da nake ce wa mai tambaya shi ne: "Alhaji, kafin ka ba da ɗanka, je ka gani da idonka." Za a bar ka ka shigo ranar da ka ga dama, ka keɓe da shi ba mai tsaye a kanku? Akwai likita ko ma'aikacin jinya da ya san yadda ake rage ƙwayar sannu a hankali, ya kuma san abin yi in jijjiga ta taso? Me yake ci, ina yake kwana? An gaya maka tsawon zaman da kuɗinsa tun farko? An nemi yardar yaron, ko dai ɗaure shi za a yi a jefa a mota? Duk gidan da ya ce kada iyaye su zo sai bayan wata uku, ko ya yi alkawarin warkewa tas cikin kwana kaɗan, a bar shi.

Hanya mafi kusa ita ce a fara da likitar gari, su tura Ƙonni ko Tawa. Mai tsanani akwai sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a kan hanyar Sakkwato. Na san abin da ke hana mutane: kuɗin mota da na magani, da tsoron a ce ɗan wane ya haukace. Amma buhunan geron da ake sayarwa a biya gidan mari su ne dai za su kai shi gaban likita, kuma surutun mutane bai kai ran ɗanka ba.

Asibiti ma ba ya gama aikin. Yaron zai dawo gonar da ta gajiyar da shi da fadar da ake miƙa masa ƙwaya tare da shayi. A nan ne aikin malami yake, da na uwa da kawu: a jawo shi sahun salla ba tare da gori ba, a rage masa nauyin aiki, a samo masa abokan zama na kirki. In ya zame ya koma, a gaggauta maida shi wurin likita, domin jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba sha a da, nan ne ake rasa rai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ɗa amana ne, kuma amanar ba ta sauka daga wuyan uba don ya biya wani ya kulle masa shi. Ranar da za a tambaye mu, ba za a tsaya kan ko yaron ya daina sha ba, domin shiriya ta Allah ce. Za a tambaye mu hannun da muka damƙa shi, da ko mun bi sawu mun ga abin da ake yi masa.