Ɗan Mazo a Bakin Kogin Gaji

Wani saurayi mai ɗaukar hoton biki a garin Bauchi ya tara kuɗi ya sayi kyamara mai dogon gilashi, irin mai janyo nesa kusa. Da rani ya tsananta, ciyawa ta bushe, namun daji suka koma shan ruwa a kogin Gaji, sai ya nufi dajin Yankari, inda kogin yake. Burinsa guda ne: ya dawo da hoton da zai sa abokan sana'arsa su yi shiru.

Aka haɗa shi da wani dattijo mai rakiya, wanda ya fara aiki tun dajin yana hannun gwamnatin tarayya, kafin a mayar wa jihar Bauchi a 2006. Kwana biyu suna zagayawa, ya samu gwanki da gwambaza daga nesa, bai gamsu ba.

Ran nan da hantsi, dattijon ya sa direba ya tsaya kusa da wata sarƙaƙiya. Ya ciro ƙullin toka daga aljihu, ya ɗibi kaɗan ya saki, ya duba inda iska ta kaɗa ta. Sannan ya yi nuni da haɓa.

Saurayin ya daɗe yana ƙura ido kafin ya gani. Ɗan mazo ne kwance, ya naɗe ƙafafu, ya ɗora kai a ƙasa. Fararen ɗigon da ke jikin jan gashinsa sun saje da hasken da ke ratsowa ta ganye. Ƙuda ya sauka a kunnensa, bai ko motsa ba.

"Baba, ai maraya ne. Bari in sauka in janye reshen can da ya tare masa fuska."

"Zauna, ɗana. Uwarsa ce ta ajiye shi. Mazo takan ɓoye ɗanta watanni, ta tafi kiwo ita kaɗai, ta dawo ta shayar da shi. Har kashinsa takan cinye don kada wari ya tona asiri."

"Reshe ɗaya ne fa, Baba. Ba zan taɓa shi ba."

Dattijon ya nuna masa saman wata tsamiya a tsallaken hanya. Gwaggon biri ne zaune, namiji ƙato, yana sosa ciki yana kallonsu.

"Wannan da kake gani yana wawuso abinci a masaukin baƙi na Wikki, nama yake ci in ya samu. Duk inda mutum ya sunkuya, sai ya zo ya duba abin da aka sunkuya a kai. Kai ka ɗauki hotonka ka koma Bauchi. Shi a nan yake kwana."

Ran saurayin ya ɓaci, kuma yana da hujja: kuɗin mota, kuɗin ɗaki, ga abin nema kwance taku goma daga gare shi. Amma ya sauke kyamarar a cinya. Suka matsa gaba can nesa, suka kashe injin a inda iska ke busowa daga sarƙaƙiyar zuwa gare su.

Garken birai suka sauko suka bi gefen hanya, wani ƙaramin cikinsu ya ratsa dab da wurin. Saurayin ya ji gumi yana gangaro masa a baya har suka wuce.

Sai bayan la'asar uwar ta fito. Ta yi taku biyu ta tsaya, ta juya kunnuwa, ta ƙara taku biyu. Ɗan ya miƙe yana layi ya cusa kai ƙarƙashinta. Haske ya ragu, hannun saurayin yana rawa, ya danna sau uku kafin ta yi wani haushi irin na kare su shige duhuwa. Hoto ɗaya ne ya fito, shi ma reshen nan yana tsakiyarsa.

Suna hanyar komawa wata mota cike da baƙi ta tare su, aka tambayi ko sun ga wani abu.

Dattijon ya waiwayo ya bar masa amsar.

"Gwambaza na bakin ruwa can gaba," in ji saurayin. "Ku yi sauri kafin magariba."