Sunan Wa Ake Karewa?

Jami'ar Baylor da ke garin Waco, a jihar Teksas ta ƙasar Amurka, masu bi na ɗariƙar Baftis ne suka kafa ta a shekara ta 1845. Iyaye da yawa sukan kai 'ya'yansu can saboda sunan Almasihu da ke kanta, da kuma dokokinta da suka hana shan barasa da kwanciya kafin aure. Duk da haka a wannan makaranta aka yi wani abin kunya da ya girgiza wasannin jami'o'in Amurka, ya kuma bar wa ikkilisiya tambaya mai nauyi. Sa'ad da makaranta ta rufe laifi da hujjar kare suna, sunan wa take karewa?

Sai an san matsayin wasa a can kafin a gane yadda abin ya faru. A Amurka ƙwallon jami'a, irin tasu wadda ake ɗauka a hannu ana bangazar juna, ba wasan yara ba ce. Dubban mutane suke cika fili, gidajen talabijin suna biyan kuɗi masu yawa domin su nuna ta, sau da dama kuma albashin mai horar da 'yan wasa yakan fi na shugaban jami'ar. Ƙungiyar Baylor ta daɗe tana shan kashi, sai aka kawo mai horarwa Art Briles, wanda ya fara aiki da ita a kakar 2008. Cikin 'yan shekaru ya juya al'amura. A 2011 ɗan wasansa Robert Griffin III ya karɓi lambar Heisman, wadda ake ba ɗan wasan da ya fi kowa a jami'o'in ƙasar. Ƙungiyar ta zama zakara a rukuninta a 2013 da 2014, a 2014 ɗin kuma aka buɗe sabon filin wasa a bakin kogin Brazos wanda ya ci fiye da dala miliyan 260. Masu bi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin albarka.

A cikin waɗannan shekaru na murna ne 'yan mata ɗalibai suke kai kuka cewa 'yan ƙwallo sun yi musu fyaɗe. A watan Janairu 2014 kotu ta yanke wa wani tsohon ɗan wasan ƙungiyar ɗaurin shekara 20. A wannan shekara aka tuhumi wani ɗan wasan kuma da irin laifin, aka hana shi buga wasa, ba a kuwa faɗa wa jama'a dalili ba. Fiye da shekara guda maganar tana kwance a takardun kotu, masu aiko da labarin wasanni suna shiga filin suna fita, ba wanda ya bi diddigi. Sai a watan Agusta 2015, ana cikin shari'ar, mujallar Texas Monthly ta buga binciken Jessica Luther da Dan Solomon. Nan aka ji cewa jami'ar ta yi nata binciken ta wanke saurayin, binciken da alƙali ya ga bai kai a kafa hujja da shi a gaban kotu ba. Kotu ta same shi da laifi, ko da yake an yi ta ɗaukaka ƙara a kan hukuncin shekaru bayan haka.

Da surutu ya yi yawa, jami'ar ta ɗauki wani kamfanin lauyoyi, Pepper Hamilton, ya duba lamarin. A ranar 26 ga Mayu 2016 kwamitin amintattu ya fitar da taƙaitaccen sakamako. An gano cewa wasu jami'ai sun karya wa masu ƙara gwiwa, wasu ma'aikatan sashen ƙwallo kuma sun ji ƙorafi ba su kai shi inda ya kamata ba. Aka sallami Briles, aka sauke shugaban jami'ar, Ken Starr, mutumin da duniya ta sani da binciken Shugaba Bill Clinton. Daga baya a shekarar 'yan kwamitin suka bayyana cewa mata 17 ne suka kai ƙarar 'yan wasa 19 tun daga 2011. Briles ya musanta cewa ya rufe laifin kowa, adalci ne kuwa a faɗi haka. Cikakken rahoton lauyoyin kuma da baki aka gabatar wa kwamitin, ba a ba jama'a shi a rubuce ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda dokar tsarki ta zama ƙulli a wuyan wadda aka zalunta. Yarinyar da aka ci zarafinta a wurin da aka sha giya ta san cewa in ta buɗe baki, tambayar farko za ta iya zama me ya kai ta can. Ga tsoron horo, ga tsoron labari ya kai kunnen iyayenta. Dokar da aka kafa domin ta tsare ɗalibai sai ta rufe bakin marar ƙarfi, mai ƙarfi kuwa yana fili ana yi masa tafi.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan gida. Eli firist ne, bai kuwa taɓa matan da suke hidima a ƙofar alfarwa ba. 'Ya'yansa Hofni da Finehas ne suka yi. Ya ji labari, har ya yi musu faɗa da baki, amma ya bar su a kan aikinsu. Ƙarar da Ubangiji ya kai a kansa ita ce ya girmama 'ya'yansa fiye da Allah (1 Sama'ila 2:22-29). Laifin shugaba ba lalle ne ya zama aikata mugunta ba. Ya isa a ce ya sani, yana da ikon hanawa, sai ya auna abin da zai rasa ya yi shiru.

Akwai masu cewa, da zuciya ɗaya kuwa suke faɗa, tona irin wannan a jarida yana ba marasa bi abin zagin bishara, gara a gyara a cikin gida. Sukan kawo Matiyu 18 da 1 Korantiyawa 6. Amma waɗannan ayoyi suna magana ne a kan saɓani tsakanin 'yan'uwa, ba su mai da fyaɗe maganar da dattawa za su kashe a ɗaki ba; Romawa 13 ta ba hukuma aikin hukunta mai mugunta. Sa'ad da annabi Natan ya tsaya a gaban Dawuda, bai ce tonawar ce ta jawo raini ga sunan Ubangiji ba, abin da sarki ya aikata ne ya jawo shi (2 Sama'ila 12). Labarin kuma ba a binne shi ba, yana nan a rubuce ana karanta wa yara a makarantar Lahadi. A Waco, aikin Natan bai fito daga bagade ba. 'Yan jarida ne suka yi shi, wannan kuma abin da ya kamata ya sa ikkilisiya ta sunkuyar da kai ne.

Sai dai alƙalamin ɗan jarida ba wahayi ba ne. A watan Maris 2006 wata mata ta zargi 'yan wasan lakuros, wasan da ake yi da sanda mai raga a kai, na Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa, cewa sun yi mata fyaɗe a wurin wata liyafa. Ita ma Duke tushenta na ikkilisiya ne, Metodis da Kwaka suka dasa ta. Labarin ya zo daidai da abin da mutane suke son ji: samari farare 'ya'yan masu hali, mace baƙa marar galihu. Jaridu da talabijin suka yanke hukunci tun ba a shiga kotu ba. Jami'ar ta soke wasannin kakar, mai horarwa ya ajiye aiki, aka tuhumi samari uku. A watan Afrilu 2007 babban lauyan jihar ya bayyana cewa ba su da laifi. Aka kore mai gabatar da ƙara, Mike Nifong, daga aikin lauya saboda ya ɓoye sakamakon gwajin da zai wanke su. A watan Disamba 2024 matar da kanta ta faɗa a fili cewa ƙarya ta yi. Wanda ya san yadda Yusufu ya shiga kurkuku a kan maganar matar Fotifar ba zai ce irin wannan ba ya faruwa ba, shi ya sa Doka ta umarci alƙalai su yi bincike sosai kafin hukunci (Maimaitawar Shari'a 19:15-19).

A ido, makarantun biyu sun yi akasin juna. Ɗaya ta ƙi jin masu ƙara, ɗaya ta yi saurin juya wa waɗanda ake ƙara baya. Amma gunki ɗaya suka yi wa hadaya. Kowacce ta fara tambayar abin da zai fisshe ta a idon jama'a kafin ta tambayi abin da ya faru a daren. Baylor ta ga 'yan ƙwallo ne darajarta, ta bar 'yan matan. Duke ta ga 'yan wasan sun zama kaya, ta sauke su. Haka ma 'yan jarida: waɗanda suka yi shiru a Waco suna tsoron rasa shiga wurin ƙungiya mai cin nasara, waɗanda suka yi ihu a kan Duke suna bin labari mai sayuwa. Bambancin Luther da Solomon shi ne sun je sun karanta takardun kotu, suka rubuta abin da ke ciki.

Ɗariƙun Nijeriya ma suna da makarantu da jami'o'i, suna kuma da waɗanda ake tinƙaho da su: ɗalibi mai hazaƙa, malami mai suna, ɗan mai ba da babbar gudummawa. Uban da zai kai 'yarsa irin wannan makaranta yana da ikon ya tambaya, ban da kuɗin makaranta da lokacin sujada, wa yarinya za ta gaya wa in an cuce ta, ko wannan mutum yana ƙarƙashin wanda za a yi ƙara, ko kuma za a hore ta saboda inda aka same ta.

Baylor ta karɓi shawarwari 105 na gyara, a 2017 kuma ta naɗa Linda Livingstone, mace ta farko da ta shugabance ta. Briles ya tafi da kuɗin sallama wajen dala miliyan 15. A 2021 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soki halin jami'ar, amma ta ce rashin kai rahoton fyaɗe bai karya dokokinta na wasa ba. Wasu mata 15 da suka kai jami'ar kotun tarayya, a shari'ar da aka fara a 2016, sai a 2023 aka sasanta da su.